Tsakaninmu Mata: Labarin Rigar 'Yar Wasan Tanis

Tunda yau mu ya mu ne, babu namiji ko ɗaya a falon nan, bari in ba ku wani labari da ya daɗe yana ci mini rai. Labarin riga ne. Kun san ni da son kallon tanis, musamman in ƙarshen watan Yuni ya zagayo ana shirin gasar Wimbledon. Mutanenmu da yawa in suka ga matan nan cikin ɗan guntun siket sai su kau da kai, su ce ai Turawa ba su san kunya ba, shi ke nan magana ta ƙare. Ni ma ba kayan da zan saka ba ne, ba kuma zan ɗinka wa 'yata ba. Amma duk wadda ta bi tarihin rigar nan tun daga tushe za ta tarar da abin da ya wuce maganar tsawo da gajarta. Kusan shekara 140 ke nan ana yanke wa mace abin da za ta saka ta yi gudu a cikinsa, kuma da wuya a juyo a tambayi ita mai gudun yadda take ji a jikinta.

A 1877 aka fara gasar Wimbledon a Landan, maza zalla. Sai a 1884 aka buɗe wa mata ƙofa, su 13 suka shiga. Wasan ƙarshe ya faɗo tsakanin ya da ƙanwa, Lilian Watson da Maud Watson, 'ya'yan wani limamin coci, ƙanwar kuma, mai shekara 19, ita ta yi nasara. Yaya, ke da kike wuni a kan keken ɗinki, ki ƙiyasta mana nauyin abin da matan wancan zamani suke ɗauka su shiga fili. Doguwar farar riga har idon sawu, hannunta dogo, wuyanta a rufe. A ƙarƙashi fatari, wani lokaci fiye da ɗaya. Ga doguwar safa, ga wani tudun yadi da ake ɗaurawa a baya don rigar ta tashi, ga 'yar malafa a ka. Uwa uba kuma, koset.

Koset ba baƙo ba ne a wurinmu yanzu, tunda amaren zamani sun rungume shi. Duk mun ga amarya a wurin dina, tana zaune a miƙe, abinci a gabanta ta kasa ci, numfashi sama-sama, tana Allah-Allah a tashi a kwance mata igiya. To ita zama kawai take yi. Waɗancan da shi suke gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan, su miƙa hannu sama su doki ƙwallo, su sunkuya su taro wadda ta yi ƙasa. Nasu kuwa da siraran ƙarafa ko ƙashin bakin babban kifin teku ake ƙarfafa shi. Akwai wata Ba'amurkiya, Elizabeth Ryan, wadda ta ci kofi 19 a Wimbledon a wasan bibbiyu, ta kuma fara wasa tun kafin yaƙin duniya na ɗaya. Ita ta ba da labarin cewa a ɗakunan canza kaya na kulob-kulob ɗin Ingila akwai sandar da ake rataye koset a kai ya bushe bayan wasa, kuma sau da yawa da tabon jini a jikinsu. Ƙarfen ne yake huda yadin ya shiga nama. Matan su fito sun yi murmushi sun gaisa, 'yan kallo su tafa, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin farar rigar. Wannan sandar ita ce ta fara sa ni bin labarin nan.

Farin kuma da dalilinsa. A idon manyan Ingila na wancan lokaci abin kunya ne a ga shatin gumi a jikin 'yar babban gida, fari kuwa ya fi ɓoye shi. Sannan ba kowa ne zai iya riƙe fararen kaya fes kullum ba, sai mai masu yi masa wanki da guga. Ku riƙe maganar farin nan, za mu dawo kanta, don ita ce ta fi daɗewa tana wahalar da mata.

Sauƙin farko ta hannun yarinya ya zo. Lottie Dod ta ci gasar a 1887 tana da shekara 15, har yau ba a yi mace mai ƙarancin shekarunta da ta ci kofin 'yan ɗaiɗai a can ba. Da yake ana ganinta 'yar makaranta ce, an bar ta ta saka siket da ya tsaya a ƙwauri, sai ga shi tana riga manyan mata isa wurin ƙwallo. A 1905 kuma May Sutton ta zo daga Amurka, zafi ya dame ta, ta naɗe hannun rigarta, aka yi ta surutu don an ga gwiwar hannunta. Ta ci kofin ta koma gida.

Amma wadda ta juya lamarin gaba ɗaya ita ce Suzanne Lenglen. Ku kwatanta ranar wasan ƙarshe na 1919, gasa ta farko bayan yaƙi, Sarki George na Biyar da Sarauniya Mary suna zaune suna kallo. A gefe guda Dorothea Lambert Chambers ce, shekararta 40, ta ci kofin nan sau 7, tana cikin shiga irin ta da, siket har kusan idon sawu, riga a maɓalle har wuyan hannu. A ɗaya gefen 'yar Faransa mai shekara 20, cikin riga guda ɗaya marar nauyi mai gajeren hannu, ta tsaya mata a tsakiyar ƙwauri, da farar safa. Babu fatari, babu koset. Wasu 'yan kallo sun ga abin a matsayin fitsara. Aka fafata, 10-8, 4-6, 9-7. Sau biyu saura maki ɗaya tak Chambers ta gama da ita, yarinyar tana kuɓucewa, har ta ci. Ni dai ina jinjina wa dattijuwar ma, wadda ta kai wasa nan cikin waɗancan kaya. Allah kaɗai Ya san abin da za ta yi da an sake mata ƙirji tun tana budurwa.

Lenglen tsalle take yi a fili irin na masu rawa, ƙafa ɗaya a sama, hannu a miƙe, abin da ba zai taɓa yiwuwa cikin tsohuwar shiga ba. Daga baya wani fitaccen maɗinki na birnin Faris, Jean Patou, ya riƙa yi mata kaya: siket na siliki mai tattara da ya tsaya a gwiwa, riga marar hannu, da wani faffaɗan ɗaurin kai mai launi da take naɗawa a goshi. Ɗaurin nan ya fita daga fili ya shiga gari, matan da ba su taɓa riƙe abin buga ƙwallo ba suka kama yayinsa. Ta ci Wimbledon sau 6. Cinkoson masu son ganinta yana cikin abin da ya sa aka tashi daga tsohon filin aka koma babban wurin da ake yi yanzu a 1922. Ta rasu a 1938 tana da shekara 39, kuma ɗaya daga cikin manyan filayen Roland Garros a Faris sunanta yake ɗauke da shi. In kuka ga hotunanta na 1919 za ku yi mamakin abin da aka yi wa hayaniya, don rigar ta fi ta 'yan mata da yawa na yau sutura. Abin da ta cire shi ne abin da yake hana ta numfashi.

Bayanta abubuwa suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Helen Wills ta zo da farar hular kare rana marar sama. Aka daina dole sai da doguwar safa. A 1931 Lilí de Álvarez ta Sifen ta saka siket mai rabe kamar wando, ɗinkin Elsa Schiaparelli, jaridu suka yi ca. A 1933 Helen Jacobs ta buga gasar Amurka da gajeren wando. Duk waɗannan, in kun lura, 'yan wasan ne da kansu suke neman abin da zai sake musu ƙafa.

A 1949 labarin ya karkace. Akwai wani dogon Bature, Ted Tinling, wanda tun yana yaro ɗan shekara 13 ya taɓa yi wa Lenglen alƙalancin wasa a kudancin Faransa, ya girma ya zama maɗinki, yana kuma aiki da Wimbledon a matsayin mai kula da 'yan wasa. Wata Ba'amurkiya, Gussie Moran, ta roƙe shi ya ɗinka mata riga mai launi. Ya san ba za a yarda da launi ba, sai ya yi mata farar riga gajera, ya sa leshi a bakin ɗan kamfan da ke ƙasa. Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji. Masu ɗaukar hoto suka riƙa kwanciya a ƙasa a gefen fili don su ɗauko ta daga ƙasa. Yarinyar nan tana cikin 'yan wasa mafiya ƙwarewa a ƙasarta, a wannan shekarar ma ta kai wasan ƙarshe na bibbiyu a Wimbledon, amma ba wanda ya tuna da wannan. Kunya ta sa ta riƙa kare fuskarta da abin buga ƙwallonta. Shugabannin kulob ɗin suka zargi Tinling da shigo da alfasha cikin wasa, ya bar aikinsa, bai dawo ba sai 1982, bayan shekara 33. Ita kuwa har ta rasu a 2013 ba a ambatar sunanta sai an haɗa da leshin nan. Ina jin tausayinta ƙwarai. Daga ranar aka gane cewa jikin 'yar wasa yana sayar da jarida, kuma gajartar da aka fara nema don a samu damar gudu ta sami wasu masu so, da wata manufa daban.

Tinling bai daina ba, shi ya riƙa yi wa yawancin gwanayen mata ɗinki har zuwa ƙarshen shekarun 1970. A 1962 ya sa wa Maria Bueno ta Brazil shafi mai ruwan hoda mai haske a cikin siket, duk ta juya sai a gani. Shekarar da ta biyo, 1963, Wimbledon ta mayar da al'adar fari doka rubutacciya. A 1995 aka ƙara matse ta. A 2014 aka kai ta maƙura: fari tas, ban da ruwan madara, launin da za a yi ado da shi a baki kada faɗinsa ya wuce santimita 1, kuma dokar ta haɗa har da kayan ciki muddin za a iya hango su. A 2017 Venus Williams ta fara wasa ana hango igiyar rigar mamanta mai ruwan hoda, da aka dawo daga hutun ruwan sama an ga ta canza. Mace mai shekara 37, wadda ta ci kofin nan sau 5, ana leƙen igiyar rigar mamanta.

Hajiya, na ga kina girgiza kai, kina cewa to su wa ya aike su, ba sai su rufe jikinsu su huta ba? Wallahi tambayarki tana kan hanya, kuma amsarta ce ta fi ba ni haushi. Waɗanda suka rufe ɗin ma ba a bar su ba.

A 1985 Anne White ta fito wasa da Pam Shriver a Wimbledon cikin fararen kaya masu haɗe, daga wuya har idon sawu. Fari ne tas, ba ta karya dokar launi ba. Duhu ya yi aka ɗage wasan zuwa washegari, babban alƙalin gasa ya ce mata kada ta dawo da su. Ta dawo da siket, aka cinye ta. Za ku ce ai kayan sun kama jiki ne, haka ne, sun kama. Amma siket ɗin da aka ce ta koma masa cinyarta gaba ɗaya a waje take. Wace sutura aka kare ke nan?

Na Serena Williams ya fi taɓa ni, don maganar haihuwa ce, kuma babu wadda ba ta san wannan ɗakin ba a cikinmu. Ta ci gasar Ostareliya a farkon 2017 da ƙaramin ciki, babban kofinta na 23. Ranar 1 ga Satumba aka yi mata tiyatar gaggawa aka ciro 'yarta. Washegari numfashinta ya fara sarƙewa. Ita ta san ciwonta, don tun 2011 gudan jini ya taɓa toshe mata huhu har ta kusa rasa rai. Ta lallaɓa ta fita ta gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa a yi mata hoton ƙirji a sa mata maganin tsinka jini. Aka ɗauka maganin kashe zafi ne yake juya mata kai. Sai da ta nace, aka fara duba ƙafafu ba a ga komai ba, sannan aka yi hoton da ta nema, sai ga gudajen jini a huhu. Tari ya ɓalle mata ɗinki, aka sake shiga da ita tiyata, ta yi mako 6 ba ta iya tashi daga gado. Ita da bakinta ta ba da wannan labari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ko mace mai suna da dukiya irin tata sai da ta yi gardama kafin a saurare ta.

Wata 9 ba su cika ba ta dawo Roland Garros a 2018, cikin baƙaƙen kaya masu haɗe da jan ɗamara a ƙugu, sun rufe ta har idon sawu. Ta bayyana cewa matsin da suke yi wa ƙafa yana taimaka wa jini ya zagaya, kada ya sake daskarewa. Ta kuma ce ta saka ne don iyaye matan da suka sha wuyar haihuwa suka miƙe. Bayan wata 3 shugaban hukumar tanis ta Faransa, Bernard Giudicelli, ya ce ba za a sake yarda da irin wannan shiga ba, wai dole a girmama wasan da wurin. Mai jego ta saka abin da zai kare ranta, aka ce mata rashin girmamawa ne. Ita ba ta tsaya cacar baki ba, ta ce babu komai tsakaninta da shi. Ta fito gasar Amurka da siket mai baza irin na masu rawa, wanda Virgil Abloh, ɗan asalin Gana, ya tsara mata, da doguwar safa mai matse ƙafa a ƙasa. A ƙarshen shekarar ƙungiyar 'yan tanis mata ta WTA ta rubuta a fili cewa daga 2019 mace tana iya buga gasanninta da dogon wando mai kama jiki ko da babu siket a sama, ta kuma gyara dokar matsayi don wadda ta tafi haihuwa kada ta dawo ta fara daga ƙasa. Dama 'yan gidan Williams sun saba da irin wannan sa ido. A 1999 a Ostareliya an ƙwace wa Venus maki don duwatsun kitsonta sun zube a fili.

Wannan ƙungiya ta WTA, Billie Jean King ce ta jagoranci kafa ta a 1973, shekarar da ta doke wani ɗan wasa namiji, Bobby Riggs, a Houston a gaban mutum fiye da 30,000, cikin rigar Tinling mai ƙyalƙyali wadda yanzu take gidan tarihi a Washington. Matan nan sun yi yaƙi a kan kuɗi, sun kuma ci. Gasar Amurka ta daidaita ladan mata da maza a 1973, Wimbledon sai 2007. Da kuɗi suka shigo, kamfanoni suka shigo. A 2000 Venus ta sa hannu da Reebok a kan dala miliyan 40. Abin farin ciki ne mace ta sami wannan, amma wadda aka biya ta saka kaya ba kullum take da bakin cewa ba ta so ba, balle ƙananan da ba su yi suna ba. A 2016 Nike ta raba wa 'yan wasanta wata farar riga shara-shara marar ɗamara don Wimbledon. In suka yi gudu sai iska ta ɗaga ta har ciki, wani lokaci ta shiga tsakaninsu da ƙwallo. Wata ta cusa bakin rigar cikin wando, wata ta ɗaure ƙugu da abin ɗaure gashi, Sabine Lisicki ta ce ita ba za ta saka ba. Sai da kamfanin ya karɓi rigunan ya gyara. Yaya, ke ko ɗinkin Sallah ba kya bayarwa sai mai shi ta gwada ta ɗaga hannu ta zauna ta tashi.

Ba a tanis kaɗai ba ne. A 2021 'yan matan Norway masu ƙwallon hannu ta bakin teku suka gaji da ɗan kamfan da doka ta tilasta musu, wanda faɗin gefensa bai kamata ya wuce santimita 10 ba, alhali maza suna wasa da gajeren wando da singileti. Suka saka gajeren wando a wasansu da Sifen, aka ci su tarar yuro 1,500. Turawa ne fa, ba addini ne ya sa su ba, sun gaji ne da kyamara. Surutun duniya ya sa aka canza dokar. A 2021 ɗin ma 'yan wasan alkafura na Jamus suka fito da kaya har idon sawu a gasar Olamfik ta Tokyo, suka ce kowace mace a bar ta ta zaɓi abin da hankalinta zai kwanta da shi.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta hana hijabi a 2007, har aka kori tawagar matan Iran daga wasan neman gurbin Olamfik a 2011 suna tsaye a fili da shirinsu. Ba a ɗage hanin gaba ɗaya ba sai 2014. Ƙwallon kwando sai 2017. Da aka buɗe ƙofar kuwa mata sun shigo. Doaa Elghobashy ta Masar ta buga ƙwallon raga ta bakin teku a Olamfik ɗin Rio a 2016 da hijabinta da dogon wando. Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya a 2023 kanta a rufe. A tanis ma, a 2022 wata yarinya 'yar Iran, Meshkatolzahra Safi, ta shiga gasar matasa ta Ostareliya da ɗankwali da dogon hannu da dogon wando cikin zafin Melbourne, ta kuma ci wasanta na farko. Na ji daɗin ganin yarinyar nan har cikin raina, don ta nuna cewa fili yana ɗaukar mai sutura. Sai ga Faransa, ƙasar da ta haifi Lenglen, ta hana 'yan wasanta saka hijabi a Olamfik ɗin Faris na 2024. Ministar wasannin da ta sanar da hakan, Amélie Oudéa-Castéra, ita kanta tsohuwar 'yar tanis ce. 'Yar tserensu Sounkamba Sylla sai da aka sasanta a kan ta saka hula kafin ta shiga bikin buɗe gasa.

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi na ɓangarenmu ma. A 2005 Sania Mirza ta Indiya tana da shekara 18, tana tashe, wasu malamai suka fitar da fatawa a kan kayanta, abin ya kai sai da aka ƙara mata masu tsaro a gasar Kolkata. Nasiha hakki ce tsakanin Musulmi, ba na musun wannan. Amma yarinya 'yar shekara 18 ta shiga fili tana tsoron a far mata, wannan ba nasiha ba ce. Da ƙarfin da aka sa wajen tsorata ta an sa shi wajen matsa wa hukumomi da kamfanoni su samar da kayan wasa masu sutura marasa zafi, da 'yan mata da yawa sun amfana tun a lokacin.

Yanzu ku matso, ga maganar da na ce za mu dawo kanta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Gasar Wimbledon mako 2 ake yi, mata 128 suke shiga wasan 'yan ɗaiɗai kaɗai, ku lissafa da kanku nawa ne baƙon wata zai zo wa a cikin kwanakin nan. Kafin 2023 dukkansu cikin fari suke, har abin da ke ƙarƙashin siket, suna tsalle suna buɗe ƙafa a gaban kyamarorin da ke haska duniya, kuma fita banɗaki a tsakiyar wasa a ƙidaye yake. Kowace a cikinmu ta san wannan fargabar, ta tashi daga kujera a taro ki ce wa ƙawarki duba mini bayana. Su babu ƙawar da za ta duba musu, sai dai su gani a jarida.

Shekara da shekaru ba wadda ta iya furtawa. A 2015 Heather Watson ta Birtaniya ta sha kaye a Ostareliya, ta ce larurar mata ce ta sa jiri da kasala suka kama ta, aka yi ta mamaki wai 'yar wasa ta faɗi haka a fili. Daga baya ta bayyana cewa ta taɓa shan ƙwayar tsara iyali don kawai ta tsayar da jinin saboda fararen kayan Wimbledon. Daria Saville ta Ostareliya ita ma ta ce ta yi hakan. Ku duba fa, mace tana juya agogon jikinta da magani saboda launin yadi. A 2022 Zheng Qinwen ta Sin ta ci zangon farko a kan Iga Swiatek a Faris, ciwon mara ya murɗe ta, wasan ya kuɓuce mata, ta fito ta faɗi dalili ba ɓoye-ɓoye. Wannan ya buɗe bakin saura. Monica Puig, wadda ta ci zinare a Rio, ta rubuta yadda take addu'a kowace shekara kada al'adarta ta faɗo cikin makonnin Wimbledon. Ranar wasan ƙarshe na mata a Wimbledon ta 2022 wasu mata suka tsaya a ƙofar filin da fararen siket da jajayen gajerun wanduna a ƙasa. A watan Nuwamba kulob ɗin ya sanar cewa daga 2023 mata suna iya saka wando mai duhu a ƙarƙashin siket, da sharaɗin kada ya fi siket ɗin tsawo. Daga 1884 zuwa 2023, shekara 139. Elena Rybakina da Victoria Azarenka suna cikin waɗanda suka fito da wando mai duhu a wannan shekarar, ba kuma abin da ya ragu daga kwarjinin gasar. Tawagar ƙwallon ƙafa ta matan Ingila ita ma ta ajiye farin wando ta koma shuɗi a 2023, bayan 'yan wasan sun yi ƙorafi.

Malama, da ke nake wannan ta ƙarshen, tunda ke ce kike zama a taron da ake zaɓar kayan wasannin makarantarku. Kin taɓa ce mana 'yan mata suna guje-guje lafiya lau a firamare, amma da sun shiga aji biyu ko uku na sakandare sai uzuri ya yi yawa ranar wasanni, wannan ciwon kai, waccan ta manta kaya a gida. Kafin a ba tela kwangilar bana, ki tara su a aji ke da su kaɗai, ki rufe ƙofa, ki tambaye su wane launi suke so, wando ya kai ina, riga ta sauka zuwa ina, hijabin wane yadi ne ba ya riƙe zafi kuma ba ya zamewa in ana gudu. Ki rubuta abin da suka ce, ki kai wa shugaban makaranta da hannunki. In ana buƙatar samfurin da za a nuna masa, Yaya za ta ɗinka guda biyu, ni zan sayi yadin.